Bubu Hama, malamin lakwal na farko a Nijar, da makarantar dandali

Filinmu na tarihin magabata a yau ya sauka a kan wani dattijo ɗan jaharmu ta Tillaberi, wato marigayi Bubu Hama. Jama'a sun fi saninsa a matsayin shugaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa a zamanin Diori Hamani, wasu kuma sunansa kawai suka sani saboda gidan tarihi na Yamai da ake kira da shi. Amma akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ya shafi kowace uwa da kowane uba kai tsaye. Mutumin da ya riga kowa a ƙasar nan zama malamin lakwal, shi ne kuma ya kashe shekarunsa na girma yana rubuta abin da yaro yake koya tun kafin ya taka ƙofar lakwal, a tsakar gida, a bayan gari da dandali.

Haihuwarsa da tasowarsa

An haifi Bubu Hama a shekarar 1906 a Foneko, wani ƙaramin ƙauye na Sonrai kusa da Tera, a yammacin kogin Kwara. A lokacin Turawan Faransa ba su daɗe da kafa mulkinsu ba, kuma a ƙauyuka irin Foneko rayuwa tana tafiya kamar yadda kakanni suka bar ta, noma da damina, kiwo da rani, hira da daddare.

Yaron ƙauye na wancan zamani ba ya da abin wasa na saye. Da hannunsa yake ƙera nasa. Zai je bakin tabki ya ɗebo yumɓu ya gina shanu da raƙuma, ya fere kara ya yi doki, ya ɗana tarkon tsuntsu. In ya ɗan tasa sai a haɗa shi da tsaransa su kora awaki bayan gari, inda babu babba a kansu. Can suke kokawa, can suke langa, can suke sanin wane icce ake cin ƴaƴansa, wane rami ne na maciji, wace sawu ce ta dila. In faɗa ya tashi su suke raba kansu, in sun samu abin ci su suke kasa shi. Da dare ya yi, in da farin wata, ƴan mata su fita gaɗa, maza su yi nasu wasan, ƙanana kuma su kewaye tsohuwa ta yi musu tatsuniya da ka-cici-ka-cici. A cikin irin wannan rayuwa Bubu Hama ya buɗe ido, kuma sai da ya yi wayo, ya ƙoshi da ita, sannan aka kai shi lakwal.

Daga Tera zuwa tsibirin Gore

A wancan lokaci kai yaro lakwal ba abin farin ciki ba ne ga iyaye. Nasara ne ke aikowa ga sarakuna a ba shi yara, mutane da yawa kuma ɓoye nasu suke yi. Bubu Hama ya fara karatu a Tera, daga nan aka wuce da shi Dori, sannan Wagadugu. Dalilin da ya sa hanyarsa ta bi ta can shi ne, a shekarun nan ƙasar Tera tana ƙarƙashin Dori ne, wadda aka haɗa da yankin da a yau ake kira Burkina Faso, sai a 1927 aka mayar da Tera cikin Nijar.

Ƙoƙarinsa ya kai shi makarantar William Ponty da ke tsibirin Gore kusa da Dakar a Senegal, inda Faransa take horar da malamai da ma'aikata na dukkan ƙasashen da take mulka a yammacin Afirka. Ya kammala a 1929, ya dawo gida da takardar malanta, kuma shi ne ɗan Nijar na farko da ya same ta. Yaron da ya taso yana gina shanun yumɓu a Foneko ya zama mushe, yana tsaye gaban allo yana koyar da Faransanci da lissafi.

Ya yi shekaru yana koyarwa, amma aikin aji bai raba shi da tsofaffi ba. Duk inda aka kai shi yakan nemi masu sanin tarihi, maroƙa da dattawa, ya zauna ya saurare su ya rubuta. Daga wannan aiki ne ya haɗa hannu da wani likita Bafaranshe mai suna Jean Boulnois suka fitar da littafi kan daular Gawo da al'adun Sonrai a 1954.

Shiga siyasa

Bayan yaƙin duniya na biyu, Faransa ta ɗan buɗe ƙofar siyasa ga ƙasashen da take mulka. A 1946 aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, wadda ta zama reshen RDA, Bubu Hama kuma yana cikin manyanta tare da Diori Hamani. A watan Disamba na 1958 ya zama shugaban Majalisa, ya riƙe wannan kujera har aka samu ƴancin kai ranar 3 ga Agusta 1960, ya ci gaba da riƙe ta har 1974.

Tarihi ba a faɗinsa rabi. Gwamnatin da yake ɗaya daga cikin ginshiƙanta ta jam'iyya ɗaya ce. An haramta jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary a 1959, kuma a 1964 da 1965 magoya bayanta sun sha ɗauri da azaba, an kashe wasu. Har yau akwai gidajen da ba su manta da wannan ba, kuma suna lissafa Bubu Hama cikin masu alhakin abin. Wannan yana cikin nauyin da ya tafi da shi, hukuncinsa yana wurin Allah.

Ko yana kan mulki bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta tarihin Zabarmawa da Sonrai, da tarihin Gobir da Sakkwato, da bincike kan tarihin Abzinawa, dukkansu sun fito a 1967. Ya sa aka tattaro tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami daga hannun malamai, waɗanda daga baya aka danƙa wa cibiyar bincike ta IRSH a Yamai. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa gidan tarihi na ƙasa a 1959, da kuma cibiyar tattara tarihin baka da aka buɗe a Yamai a 1968 da taimakon UNESCO, wadda aka sani yanzu da CELHTO.

Abin da ya rubuta game da yara

Mai muƙami irin nasa, da ya so, da sai ya tsaya ga tarihin sarakuna da yaƙe-yaƙe. Amma a 1968 ya fitar da littafi sukutum kan tarbiyyar Afirka, mai suna Essai d'analyse de l'éducation africaine, inda ya duba yadda al'ummunmu suke renon yaro tun kafin zuwan lakwal, da rawar da gida, tsara da tatsuniya suke takawa wajen gina mutum. A daidai wannan lokaci ya fara fitar da Kotia-Nima, labarin rayuwarsa da ya saka a bakin wani yaro, cikin kundi 3. Kalmar kotiya ma a Zabarmanci ƙaramin yaro take nufi. Wannan littafi ne ya jawo masa babbar kyautar adabi ta Afirka baƙar fata a farkon shekarun 1970.

Bai tsaya ga rubuta wa manya ba. Ya haɗa gwiwa da wata marubuciya Bafaransa, Andrée Clair, wadda ta daɗe tana aiki a Nijar, suka yi littattafai don yara. Akwai na wata kuka mai abin mamaki a 1971, akwai L'Aventure d'Albarka a 1972, labarin wani yaron ƙauye mai suna Albarka, tasowarsa cikin tsaransa da yadda aka kai shi makarantar Nasara, labarin da aka ɗebo daga yarintar Bubu Hama kansa. Ya kuma tattara tatsuniyoyi da almarar Nijar cikin kundi da dama daga 1972. Wasu labaransa har sun zama silima, kamar Toula na Mustafa Alasan, da Babatu na Jean Rouch wanda ya fito a 1976.

Duk wanda ya jera waɗannan ayyuka zai ga zare ɗaya ya ratsa su. Bubu Hama ya san amfanin lakwal fiye da kowa, tun da ita ta kai shi inda ya kai. Amma bai ɗauki shekarun da ya yi a Foneko a matsayin lokacin da ya ɓace ba. A wurinsa can ne aka aza harsashin, lakwal ta zo ta ɗora gini a kai. Shi ya sa dattijon da ya haura shekara 60, mai zama da shugabannin ƙasashe, yake komawa ya rubuta abin da yara suke yi a bayan gari.

Me yaro yake koya a wasa

Bari mu ɗauki wasannin da kowa ya sani a nan Kurfai da Imanan mu duba. Yarinya ƴar shekara 4 ta zauna gindin rumfa ta kasa yashi gida-gida, ta ce gero ne, ƙawarta ta zo da tsakuwa ko fasasshen kasko a matsayin kuɗi. Za ka ji ana tayi, ana albarka, ana neman gyara, ana ba da canji. Babu wanda ya ce musu su yi, babu wanda ya tsara musu. A nan ake fara koyon ƙirga, da iya magana da mai saye, da haƙurin ciniki. Ƴan kasuwa da yawa da ke karanta wannan fili a irin wannan kasuwar yashi suka fara sana'a.

A langa yaro yana tsalle da ƙafa ɗaya yana riƙe da ɗayar, yana ture abokin hamayya, yana kare ɗan ƙungiyarsu har ya kai sha. Ƙarfin jiki ne da iya tsayuwa da aiki tare. A gaɗa yarinya takan saki jiki ta faɗa baya, ta tabbata ƙawayenta za su tare ta, kuma dole kowa ta jira layinta ta riƙe kiɗan tafi. Wannan yarda da juna ce. A carafke ido da hannu ne suke koyon tafiya tare. A dara, inda ake tona gurabe a ƙasa, yaro yana koyon hangen abin da abokin wasa zai yi kafin ya yi. Mai ƙera mota da kara ko gwangwani, in ƙafar ta fita sai ya zauna ya gano dalili ya gyara, wanda shi ne aikin kanikanci da ƙira tun daga tushe.

Babban abin da ya haɗa su shi ne, yaran ne da kansu suke zaɓen wasan, su kafa dokarsa, su hukunta mai maguɗi, su yi faɗa su shirya. In babba ya shiga ya tsara komai, wannan darasi ya tafi. Yaron da ya sha kaye a kokawa ya tashi ya kakkaɓe ƙura ya dawo gobe, ya koyi abin da zai yi masa amfani ranar da kayansa suka yi kwantai a kasuwa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma ba bulala kaɗai ke tanƙwarawa ba.

Binciken zamani ya zo ya tarar da dattijon a kan hanya. A birnin Kingston na ƙasar Jamaika, daga 1986, ma'aikatan lafiya sun riƙa ziyartar gidajen talakawa masu yara da rashin abinci ya tsumburar, sau ɗaya a mako har shekara 2, suna nuna wa iyaye mata yadda za su yi wasa da hira da ƴaƴansu, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara 20 aka koma aka duba, sai aka tarar waɗannan yara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na takwarorinsu da ba a yi wa haka ba da kashi 25 cikin 100. An buga sakamakon a 2014. A 2019 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cewa yaro daga shekara 1 zuwa 4 ya samu aƙalla minti 180 a yini yana motsa jiki, wato awa 3, kada a zaunar da wanda bai kai shekara 2 ba gaban allon waya ko talabijin, mai shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990, ta lissafa wasa da hutu cikin haƙƙin yaro a sashe na 31.

Faɗuwar mulki da rasuwarsa

Farin da ya auka wa ƙasashen Sahel daga ƙarshen shekarun 1960 ya kashe dabbobi, ya jefa jama'a cikin yunwa, ya kuma tsananta a 1973. Ana cikin haka, ranar 15 ga Afrilu 1974 soja suka kifar da gwamnatin Diori Hamani a ƙarƙashin jagorancin Seyni Kunce, ɗan Fandu a nan ƙasar Filinge. Aka rusa Majalisa, aka kama manyan gwamnati, har da Bubu Hama, yana da shekara 68. Ya yi zaman tsare, daga baya aka sake shi, bai sake komawa siyasa ba. Allah ya yi masa rasuwa a Yamai ranar 29 ga Janairu 1982.

Kujerar Majalisa ta tafi da juyin mulki, jam'iyyar da ya yi wa hidima ta rasa ƙarfinta, amma littattafan suna nan. Gidan tarihin da ya taimaka aka kafa yana ɗauke da sunansa, da namun dajinsa da rumfunan masu sana'ar hannu da ƙasusuwan manyan dabbobin da da aka tono a arewacin ƙasar, kuma yara suna cikin waɗanda suka fi cika shi.

Abin da ya rage gare mu

Dandalin da ya reni Bubu Hama yana ƙanƙancewa. Tun daga ƙarshen shekarun 2010 rashin tsaro ya addabi jahar Tillaberi, har da ƙasar Tera inda aka haife shi, ya rufe ɗaruruwan makarantu, ya raba iyalai da ƙauyukansu, ya sa iyaye da yawa ba sa barin yaro ya fita da dare ko ya yi nisa bayan gari. Wannan tsoro gaskiya ne, babu mai zargin uwa a kansa. A cikin gari kuma wayar salula ta zama mai reno, da yaro ya yi kuka sai a miƙa masa ya yi shiru. Ga kuma talla, wadda a wasu gidaje ake ɗora wa yarinya tun ba ta iya ƙirga canji ba, ta fita da hantsi sai magariba.

Kowa ya san halin da ake ciki. Mai kasa dankali a Bonkuku da mai tuyar ƙosai a bakin tashar Filinge ba don son rai suke neman hannun ƴaƴansu ba, kuma koya wa yaro sana'a gadonmu ne mai kyau. Abin lura shi ne kada aikin ya cinye yinin gaba ɗaya. Ɗan shekara 3 ko 5 yana bukatar lokacin da ba a aike shi ba, ba a zaunar da shi ba, ba a kuma ce masa ga yadda zai yi ba. In dandalin dare ya gagara, tsakar gida da la'asar ta isa. In uwa tana kasuwa, mata biyu ko uku masu rumfuna kusa da juna suna iya ware inuwa guda nesa da hanyar babura da wutar tuya, ƴaƴansu su taru can, ido yana kansu daga nesa. Yashi, kara, ƙoƙo, murfin kwalba da tsumma sun ishe su, ba sai an kashe ko dala ba. In tufafi sun yi datti a wanke, in an yi ƴar rigima a ɗan jinkirta a ga ko za su sasanta da kansu kafin a sa baki. Kakanni kuma da ke gida, a ba su jikoki bayan sallar isha'i, a kashe waya, tatsuniya ta dawo.

Masu unguwanni da magadan gari su ma da nasu. Duk lokacin da ake yanka filaye, ya kamata a bar wa yara fili ko da ƙarami ne a kowace unguwa, kamar yadda magabata suka bar dandali a tsakiyar kowane gari.

A kai yara lakwal, a kai su makarantar allo, wannan wajibi ne, rayuwar Bubu Hama ma shaida ce. Amma in kin ga ƴarki ta kasa yashi tana ciniki da ƙawarta, ko ka ga ɗanka ya duƙufa kan motar kara, a bar su su gama, karatu suke yi. Allah ya jiƙan Bubu Hama, ya yafe masa kurakuransa, ya raya mana zuri'a, ya dawo da zaman lafiya a ƙasarmu. Sai mun haɗu a fili na gaba.